ZAUREN IYALI: "Likita, Zai Tashi Kuwa?"

A watan jiya mun raka wani dattijon ekklesiyarmu asibiti. Shekara biyu ke nan yana fama da abin da kowa a gida ya ke kira olsa. Ya sha kanwa, ya sha farin maganin nan na kemis, har wandonsa ya daina zama a ƙugu. Da likita ya zura siririn tiyo mai fitila ta maƙogwaronsa, sai ya ce ciwon daji ne a tumbi, yana kuwa so ya tsinko ɗan nama ƙanƙane a kai ɗakin awo. Nan fa uwargidan ta tubure, wai daji ba ya son ƙarfe, in an taɓa shi sai ya bazu. Da kyar aka lallashe ta. Da ta yarda, tambaya ɗaya ta yi: "Likita, zai tashi kuwa?"

Ɗan naman nan da ta ke tsoro, shi ne ya ke taimakon likita ya amsa mata. Tsinko shi ba ya baza ciwon.

A dā likitoci su kan duba girman ƙarin da nisan da ya yi cikin jiki, har yanzu kuwa wannan shi ne babban ma'auni. Amma sun lura mutum biyu su kan zo da ciwo mai kama ɗaya, a ba su magani ɗaya, ɗaya ya daɗe, ɗaya ya tafi da wuri. Ashe ciwon ma yana da asali. Kamar yadda kakanninmu su kan dubi tsagar fuskar baƙo su gane garinsu, haka masana su ke duba alamu cikin ƙwayoyin ƙarin. A 2014 waɗansu masana, yawancinsu a Amurka, suka auna ƙari na mutum 295, suka raba dajin tumbi gida huɗu bisa ga waɗannan alamu.

Alama ɗaya ana ce da ita HER2. Wani sinadari ne a bayan ƙwayar, mai sa ta ta yi ta haihuwa ba tsayawa. Misalin mutum ɗaya cikin biyar masu wannan ciwo a kan same shi da yawa. A 2010 aka bayyana sakamakon wani babban gwaji: masu alamar da aka ƙara musu maganin Herceptin a kan na kullum, tsaka-tsakin kwanakinsu ya kai wata 13.8, sauran kuwa wata 11.1. Wani zai ce, wata uku ɗin me? Mu dai mun ga abin da wata uku ya ke yi a gida: a shirya da ɗan'uwan da aka yi shekaru ba a magana, a ga auren 'ya. Ga wanda ba shi da alamar kuwa maganin ba zai yi masa kome ba, ga shi da tsada ƙwarai. Awon zai hana iyali su sayar da gona a banza.

Wata alamar ta fi ba mu sha'awa, mu malaman makaranta. Kowace ƙwayar jiki in za ta rabu biyu sai ta kwafi rubutun da ke cikinta, akwai kuma mai bi yana gyara kuskure, kamar malami da jan biro. A waɗansu ƙari wannan mai gyara ya mutu, kuskure ya yi ta taruwa. Abin mamaki, masu irin wannan su ne sau da yawa su kan fi samun sauƙi in an yi musu aiki da wuri, gama yawan kuskuren ya kan tona asirin ƙarin ga sojojin jiki. Sababbin magunguna masu zuga waɗannan sojoji su kan ci sosai a kansu.

Sai dai lalle mu faɗi gaskiya, alama ba annabci ba ce. Lissafin mutane da yawa ne, ba ranar mutum ɗaya ba. Sarki Hezekiya an faɗa masa ya shirya gidansa, ya yi addu'a, aka ƙara masa shekara 15. Duk da haka Ishaya ya sa aka ɗora masa curin ɓaure a kan marurun. Ba a raba addu'ar da maganin ba.

Abin da ya fi damunmu shi ne shekara biyun nan na kanwa. A 1982 likitoci biyu a Ostareliya, Robin Warren da Barry Marshall, suka gano wata ƙwayar cuta mai zama a tumbi, Helikobakta, ita ce ta ke jawo yawancin gyambon ciki. Da aka ƙi gaskata su, Marshall ya shanye ta da kansa a 1984, ya kwanta ciwo. A 1994 hukumar binciken daji ta Ƙungiyar Lafiya ta Duniya ta sa ta cikin masu jawo daji. Binciken da aka yi a wajen Maiduguri, aka buga a 1992, ya nuna yawancin mutanen da aka auna suna ɗauke da ita. Mafi yawansu ba za su taɓa yin daji ba, kada hankalinku ya tashi. Ana gane ta ta awon bayan gida ko na numfashi, maganin mako biyu kuwa ya kan kashe ta. Yawan gishiri da taba su ma suna ƙara haɗarin.

Saboda haka in mai gida ya fara ƙoshi da loma kaɗan, yana ramewa ba dalili, ko yana amai, ko bayan gidansa ya yi baƙi kamar kwalta, kada a ƙara aika yaro kemis. A kai shi asibitin da ke da tiyon nan, a kuma tambayi likita ko za a auna alamun.

Dattijonmu dai an yi masa aiki, ana jiran sakamakon awon. Zumuntar Mata sun raba kwanaki suna kai kunu, domin yanzu kaɗan-kaɗan ya ke iya sha.