Nauyin ƙafafu: ina iyakar amfanin zoɓo?

Da zarar bazara ta kama, kuka ɗaya ake ji daga bakin mai kanti a babbar kasuwar Maraɗi da bakin ma'aikacin biro a Yamai: in la'asar ta yi, ƙafafu sun yi nauyi kamar an ɗaura musu bulo, takalmin da anka sa da safe ya matse, safa ta bar zane a saman idon sawu. Da mutum ya buɗe baki, masu shawara sun taso. Wannan ya ce zoɓo, wancan ya ce citta da lemun tsami, wata ta ce a jiƙa tsamiya da ƴar kanwa. A tasha kuwa ga magori, wasa kanka da kanka, da lasifika da kwalabe jere, kowace wai maganin jijiya ce.

To, wace jijiya? A nan Hausa ta ɗaure mu. Da kalma ɗaya muke kiran abubuwa huɗu da Faransanci ya bambanta: wadda ke fitar da jini daga zuciya, da wadda ke mayar da shi, da wadda ke kai ji da motsi, da wadda ke ɗaure tsoka ga ƙashi. Mai talla yana cin abincinsa cikin wannan duhu, don kwalba guda ta ishe shi ga mai hawan jini da mai ciwon baya da mai kumburin ƙafa.

Nauyin ƙafa na maraice galibi aikin ta biyun ne, mai mayar da jini. Jinin da ya sauka tafin ƙafa dole ya hau tsawon fiye da mita guda kafin ya koma zuciya, kuma ƙarfin bugun zuciya kaɗai ba ya isa. Tsokar sha-raɓa ce famfon: duk takun da mutum ya yi, tana matse jijiyoyin, jini ya yi sama, wasu ƴan marufai da ke ciki su rufe don kada ya dawo. Wanda ya wuni zaune bisa benci yana ƙirgar kuɗi, ko tsaye bayan kanta, ko duƙe bisa takardu, ya kashe famfonsa. Jini ya taru ƙasa, ruwa ya tsattsafo cikin nama, zafin watan Afirilu kuma ya ƙara buɗe jijiyoyin. In abin ya daɗe, ga ƙiba, ga yawan haihuwa, ga gado, marufan su saki, jijiyoyi su fito kore-kore suna murɗewa a ƙafa. Marfin da ya saki babu jiƙon da ke ɗinke shi, namu ko na Turawa.

Ba raina zoɓo nake yi ba. Yana cikin ƴan tsirranmu da masana sunka auna da gaske. A shekara ta 2010, a jami'ar Tufts ta Amurka, an gwada shi ga mutane 65 masu ɗan hawan jini: kofi 3 a rana har sati 6. Waɗanda sunka sha, awon jininsu na sama ya sauka da milimita 7, wato bai cika maki ɗaya ba a irin lissafin da likitocinmu ke faɗa, 14 ko 15. Amfani ne, ba shakka, amma ga ɗayar jijiyar, mai fitar da jini. Ga ƙafa mai nauyi, ribarsa ita ce ya shigar da ruwa jiki cikin zafi, ya kuma tsaya a madadin lemun kwalba. Mai so ya tafasa cikin hannu guda a lita ɗaya ta ruwa kamar minti 10, ya jefa citta da ɗan kanumfari, ya tace, ya bari ya huce.

Ɓarnar tana cikin abin da muke ƙarawa. Zoɓon leda da ake saidawa bakin hanya, sukari ne ya fi yawa a ɗanɗanonsa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babban mutum ya wuce kamar giram 50 na sukari a yini, abin da bai fi ƙwaya 10 ba. Ku lissafa abin da ke shiga buta ɗaya ta shayi a fada, daga na farko zuwa na uku. Ƙiba kuwa kaya ce bisa jijiyoyin ƙafa.

Kanwa ta fi ba ni tsoro. Dangin gishiri ce, tana riƙe ruwa cikin jiki, saboda haka mai kumburi da ya sha jiƙon kanwa ya ƙara wa wuta itace. Tun cikin shekarun 1970 likitocin Zariya sunka lura da yawan matan da zuciyarsu ke gazawa bayan haihuwa, ƙafafu su kumbura, numfashi ya yi wuya, sunka kuma danganta abin da kunun kanwa da wankan jego mai tsananin zafi. Al'adar nan ba ta tsaya kan iyaka ba, muna da ita a gidajenmu.

Wasu ma'aikata za su ce su sun wuce nan, tasu daga farmasi take. Gaskiya ne, ƙwayar da ake yi da ƴaƴan icen da Faransawa ke kira marron d'Inde ta nuna ɗan amfani: wani nazarin Cochrane na 2012, da ya tattara gwaje-gwaje 17, ya ga tana rage ciwo da kumburi na ɗan lokaci. Sai dai tatacciya ce, aunanniya. Ɗanyen ɗan icen guba ne, ba abin dafawa a gida ba. Kuma a Faransa kanta, tun 1 ga Janairu 2008 asusun lafiya na gwamnati ya daina biyan kuɗin wannan jinsin magunguna, don an ga amfaninsu bai taka kara ya karya ba. Mu nan da albashinmu muke saye.

Abin da ke aiki ba ya cin ko dala. A tashi kowace awa a zaga, ko da zuwa rumfar maƙwabci ne. A zaune, a riƙa ɗaga dunduniya ana saukewa. Da dare a ɗora ƙafafu bisa matashi su ɗara ƙirji tsawo, a zuba musu ruwan randa. Wanda jijiyoyinsa sunka riga sunka fito, ya tambayi likita safa mai matse ƙafa. Cikin zafinmu azaba ce, na sani, amma ita ce ke taya tsoka aikin matsawa.

Saura inda zancen jiƙo ya ƙare. In ƙafa ɗaya ce tak ta kumbura, da ciwo da zafi, musamman bayan doguwar tafiya, ko haihuwa, ko fiɗa, ana iya samun gudan jini ya toshe jijiyar ciki, in ya ɓalle kuwa huhu yake nufa, ya kashe mutum nan take. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana a 2007 cewa zaman tafiya na awa 4 ko fiye yana ninka wannan hatsari. Daga Yamai zuwa Damagaram kusan kilomita 900 ne cikin kar, gwiwoyi manne da kujerar gaba. Duk inda direba ya tsaya, a sauka a taka. Irin wannan ƙafa ba a murza ta, ba a kai ta wurin wanzami, gidan likita ake nufa ranar nan. In ƙafafu biyu ne, yatsa na barin rami in an danna, ga haki ko kumburin fuska da safe, a duba zuciya da ƙoda da hanta. Mai ciki kuma da ta kumbura tana ciwon kai ko ganin dishi-dishi, a kai ta awon jini kafin dare, ko da ranar awonta ba ta zo ba.