A kai yara su ga Legas

Bahaushe ya daɗe da sanin Legas, amma sanin fatauci ne: tumatir da albasa zuwa Mile 12, shanu zuwa Agege, a sayar a juyo gida. Da wuya ka ji magidanci ya kwashi iyalinsa ya nufi can don buɗe ido kawai, kuma a ganina wannan asara ce babba. Yaron da ya tashi a Kano, wanda duk ruwan da ya sani bai wuce dam ɗin Tiga ba, ya cancanci ya tsaya a gaɓar Tekun Atlantika ya ga ruwan da ba a hango ƙarshensa. Sannan a wuce da shi gidan tarihi na Onikan, wanda aka buɗe a 1957. Motar da aka harbe Janar Murtala Muhammed a cikinta ranar 13 ga Fabrairun 1976 tana nan a ajiye, ramukan harsashi a jikinta. Yaran da suka saba jin sunansa a asibiti da filin jirgi, ranar za su gane mutum ne aka yi, kuma tarihin nan nasu ne. Ga Dandalin Tafawa Balewa kusa, inda aka yi bikin samun 'yancin kai a 1960. Gaskiya ne akwai cunkoso, akwai tsada, amma mai ɗan'uwa a Idi-Araba ko Obalende ba ya rasa masauki, kuma sammako maganin hanya ne. Abu ɗaya nake roƙon iyaye: igiyar ruwan Legas tana da ƙarfi ƙwarai, kada ku saki hannun yaro a bakin teku.