Ciwon Ɓarin Kai: A Koya Wa Masu Duba Mu Maganin Rigakafi



Daga Sabon Ibadan zuwa Agege da Idi-Araba, da wuya a samu wanda bai san mai fama da ciwon ɓarin kai ba. Gefe guda ya riƙa sarawa, ga tashin zuciya, ga ƙin haske da hayaniya, mutum ya wuni kwance da ɗankwali ɗaure a goshi. Mata sun fi maza fama da shi, kusan ninki uku.

Mun san yadda ake yi. A je kemis ko ƙaramin asibiti, a ce maleriya ce ko taifot, a ba da paracetamol ko ibuprofen, wani lokaci har tramadol. Ciwo ya lafa, bayan kwana biyu ya dawo. Alhali shan waɗannan ƙwayoyi kwana 15 ko fiye a wata, sama da wata uku, shi kansa yana jawo ciwon kai na kullum. Irin su tramadol ma kwana 10 sun isa.

Akwai magungunan da ake sha kullum don rage yawan tashin ciwon, kamar propranolol da amitriptyline. Ba su da tsada, kuma propranolol na cikin jerin muhimman magunguna na Hukumar Lafiya ta Duniya. Wanda ciwon ke kwantarwa kwana huɗu ko fiye a wata ya cancanci a duba masa su.

To me ya hana a rubuta mana? A ganinmu, ƙarancin horo ne. Ƙwararrun likitocin ƙwaƙwalwa suna manyan asibitoci irin su UCH da LUTH, amma mai dako da mai tura ruwa likitan unguwa da nas da mai kemis suke gani. Su ya kamata a koya wa.

Muna kira ga hukumar likitoci ta MDCN ta sanya wannan darasi cikin kwasa-kwasan sabunta lasisi, ita kuma PCN ta koya wa masu kemis lokacin da ya kamata su tura mutum asibiti. Darasin ba mai tsawo ba ne: a tambayi kwanakin ciwo, a fara da kaɗan, a jira wata biyu zuwa uku kafin a ce bai yi aiki ba, a san cewa propranolol bai dace da mai asma ba, kuma a tambayi mace ko tana da juna biyu.

Mu ma da namu. Mu riƙa rubuta ranakun ciwo da ƙwayoyin da aka sha, mu kai wa likita. Matanmu da ba sa jin Turanci ko Yarabanci, a haɗa su da mai fassara. Kada kowa ya sayi maganin rigakafi da kansa. Idan ciwon kai ya zo farat ɗaya da tsanani, ko da zazzaɓi da sanƙarewar wuya, a garzaya asibiti.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, amin.