Wa'azin Mako Guda Da Jarrabawar Ranar Litinin

Cocin Katolika na da tsohuwar al'ada ta gayyato baƙon limami ya shafe kwanaki yana wa'azi, yana sauraron masu furta zunubansu. Ƙungiyar Redemptorist, wadda Alphonsus Liguori ya kafa a Italiya a 1732, ta yi fice a wannan aiki tsakanin talakawan karkara.

A Turai yau, burin shi ne dawo da waɗanda suka ƙaurace wa coci. A Kaduna da Jos kuwa, kujeru cike suke ranar Lahadi. Damuwar mai wa'azi tana ga Litinin, lokacin da tsadar rayuwa ke ingiza ma'aikaci ga karɓar na goro, ɗan kasuwa ga tauye mudu. A ofis da kasuwa ake gane ko wa'azin ya ratsa zuciya.