Sharhi: Kalmar Alƙalin Wasa Kafin Busa Usur



Duk wanda ya taɓa tsayawa bakin filin makaranta da la'asar sakaliya, ko ya halarci gasar Kofin Ramat da ake shirya wa matasa a Kano, ya san ɗan lokacin nan da yara kan jeru tsakiyar fili, alƙalin wasa, wanda suke kira rafali, yana bi yana duba takalma da kariyar ƙwauri, yana sa a cire zobe da sarƙa da kambu, kafin ya kira kyaftin biyu ya jefa kwabo sama. A kan wannan ɗan lokaci ne ma'abota wasan suka yi saɓani: shin ya kyautu ya yi wa yaran jawabi, ko kuwa ya kame bakinsa har usur ya yi aikinsa?

Masu cewa ya yi shiru suna da hujja. Dokokin ƙwallo 17 ne, babu kuwa wadda ta wajabta masa huɗuba, tarbiyya kuma hakkin mai horarwa ce. Sannan baki shi kan yanka wuya, domin alƙalin da ya yi rantsuwa cewa duk wanda ya ja riga sai ya ga kati, da zarar ya yi sassauci sau ɗaya, ya ba 'yan kallo sandar dukansa.

Sai dai yaro ɗan shekara 13 bai taɓa buɗe littafin doka ba. A lungu ya koyi wasa, da duwatsu biyu maimakon raga, inda mai ƙwallo shi ne sarki shi ne alƙali. Malamai kuwa sun tabbatar cewa ba a kama mutum da laifi sai hujja ta isa gare shi. Ko manya rashin fahimtar juna ya taɓa wahalar da su: a gasar cin kofin duniya ta 1966, a filin Wembley, alƙali Bajamushe Rudolf Kreitlein ya kori kyaftin ɗin Ajantina Antonio Rattin a karawarsu da Ingila, alhali ba sa jin harshen juna, har wasa ya tsaya ana ta jayayya. Bayan wannan gasa ne wani alƙalin wasa, Ken Aston, ya kawo shawarar katin gargaɗi da jan kati, aka soma aiki da su a Meziko a 1970. To, ina ga ƙananan yara?

Saboda haka ra'ayinmu shi ne ya yi magana, amma bisa sharaɗi. Ya haɗa ɓangarorin biyu wuri guda, kada ya keɓe da ɗaya, gama tun a wasiƙar Sayyidina Umar ga Abu Musal Ash'ari aka umarci alƙali ya daidaita masu husuma a fuskarsa da majalisarsa. Ya taƙaita, ya guji barazana da alkawari. Ya isa ya ce: "Yarana, in kun ji usur ku tsaya, mai ƙorafi ya faɗa wa kyaftin, wanda ya ji ciwo ya zauna ƙasa, zan gan shi."

Yaron da ya ji muryar alƙali cikin natsuwa tun kafin a take leda, ko an busa masa laifi daga baya, zai karɓa a matsayin hukunci, ba zalunci ba.