Harsashin Gida da Idon Mai Saye a Takieta

Takieta, wadda take kan babbar hanyar Maraɗi zuwa Zinder a daidai inda hanyar Matamaye ta rabu ta nufi iyakar Najeriya, ta zama cibiyar gunduma a shekarar 2011, kuma ma'aikaci ko ɗan kasuwar da ya zo neman gidan saye a cikinta yakan tarar da dillali yana nuna masa fenti da ƙofar ƙarfe da yawan ɗakuna, alhali abin da zai tsayar da gidan ko ya kayar da shi yana binne a ƙasa. Wannan abu shi ne harsashi, wato ginin da ake farawa a cikin rami domin ya ɗauki nauyin bango ya rarraba shi a kan ƙasa.

Harsashin da aka fi daɗewa ana yi a ƙasar Damagaram shi ne na laka, inda magini yake haƙa rami har ya kai ƙasa mai tauri, sannan ya jera tubali, ya yi gindin bangon da kauri yana rage shi yayin da gini yake tashi. Ba nauyi ne yake kayar da irin wannan gini ba, ruwa ne, musamman wanda yake zubowa daga indararo ya kwanta a gindin bango, da kuma laimar da take hawowa daga ƙasa tana ɗauke da gishiri, tana cin laka a hankali har gindin ya rame. Tsohon masallacin unguwar Birni a Zinder, wanda aka gina a tsakiyar ƙarni na 19, ya tsaya fiye da shekara 150 kafin ruwan sama mai yawa ya rusa shi a watan Satumba na 2024, kuma wannan ya nuna ƙarkon laka da iyakarta a lokaci guda. Harsashin dutse, wanda ake jera duwatsu a ɗaure su da laka ko siminti har su ɗara ƙasa da kamu biyu ko uku, ya fi na laka aminci nesa ba kusa ba, domin dutse ba ya jiƙa ya narke, gara kuma ba ta samun hanya cikin sauƙi. Na kankare da rodi kuwa shi ne mafi ƙarfi idan an yi shi bisa ƙa'ida, sai dai mai saye ba ya iya ganin yawan simintin da aka zuba ko kaurin rodin da aka saka, kuma kankaren da aka cika wa yashi domin tsimin kuɗi bai kai harsashin dutse na gaskiya ba.

Gidan da ya fi yaudarar mai saye shi ne wanda aka gina da laka tun daga harsashi, aka shafe shi da siminti. Siminti ba ya kama laka da kyau, kuma idan ya tsage ruwa yakan shiga ta bayansa ya rasa hanyar bushewa, sai bangon ya ruɓe a ɓoye yayin da fuskarsa take nan sumul, shi ya sa tsofaffin magina suke ƙwanƙwasa gindin bango su saurari ko zai yi ƙarar holoƙo.

Amma kwatanta harsashi ba tare da duba ƙasar da ya zauna a kai ba aikin banza ne, domin jigawa tana tsotse ruwa amma kwararar ruwa tana iya kwashe yashin da ke ƙarƙashin gini, fadama tana kumbura da damina ta tsage da rani har ta ja bango, tsohon kududdufin da aka cike da shara kuwa yana ci gaba da nutsewa shekaru bayan an yi gini a kansa, ko da na kankare ne. Takardar fili ba ta faɗin wannan, dattawan unguwa ne suka san inda aka haƙi ƙasar gini a da, da inda ruwa yake bi. Masu sayarwa sun fi son a zo ganin gida da rani bayan an yi sabon yaɓe, mai saye kuwa ya fi dacewa ya je a watan Agusta, washegarin ruwa mai ƙarfi, tare da maginin da ba shi da kaso a cinikin, ya nemi izinin tona ɗan rami a kusurwar bango ɗaya kafin ya biya ko kuɗin kafin alƙalami.