Idda Ta Ƙare, Wa Zai Ci Da Ita?

Duk wanda ya taɓa zama a bakin kotun alkali da safe ya san matan da mu ke nufi. Ga goyo a baya, ga wani yaro a hannu, ga takardar saki ƙulle a bakin zane. Abin da su ke nema kuwa shari'a ta riga ta ba su tun tuni.

A mazhabar Maliki, wadda alkalanmu su ke bi, macen da aka yi wa saki ɗaya ko biyu tana da ci da tufa da wurin kwana a kan mijin har ta gama idda, watau tsarki uku. In saki uku ne, wurin zama kaɗai gare ta, sai fa in da ciki, sa'an nan ya ci da ita har ta haihu. Cin 'ya'ya kuwa a wuyan uba ya ke, ko suna hannun uwa. To, jama'a, mutum nawa ne cikinmu su ke barin mace ta yi idda a ɗakinta? Yawanci ran da aka furta, ran nan a ke kwashe kwanuka, ta koma gidan tsohon da shi kansa da ƙyar ya ke samun na tuwo.

Babbar gardama bayan idda ta ke. Akwai mut'a, watau kyautar sallama, wadda aka ambata cikin Suratul Baƙara, aya ta 241. Malaman Malikiyya sun ce mustahabbi ce, alkali ba ya tilasta ta. Na Shafi'iyya sun ce wajibi ce. Mun dai san halin mai rowa: abin da aka ce mustahabbi, a wurinsa kamar ba a faɗa ba. Sai ka ga mace ta shekara 20 tana daka tana tuƙi, an gina soro da guminta, ta fita da tabarma.

Waɗansu suna cewa biyan mace kuɗi bayan saki al'adar Turawa ce. Ashe Masar ma Ingila ce? A 1985 suka kafa doka, wanda ya saki matarsa ba da yardarta ba, ba kuwa da laifinta ba, zai biya mut'a wadda ba ta kasa kuɗin ciyarwa na shekara 2 ba. A 2004 suka buɗe asusu a Bankin Nasser, wanda ya ke biyan mace kuɗin ciyarwa da alkali ya yanke, sa'an nan bankin ya bi mijin bashi.

Mu fa? A watan Janairu 2009 zawarawa suka shirya fita cikin Kano su kai kukansu, Hisba ta hana. A 2012 Gwamnati ta soma aurar da zawarawa, a 2023 aka ɗaura aure 1,800 a kan kuɗi fiye da naira miliyan 800. Ba mu ƙi aure ba, amma gado da katifa ba su tilasta tsohon miji ya aiko da hatsin 'ya'yansa. A 2017 Sarkin Kano Muhammadu Sanusi II ya kawo maganar dokar iyali, sai hayaniya duka ta koma kan hana matalauci ƙara mata, hakkin wadda aka saka ya sha ruwa.

Akwai tsoro ɗaya wanda mu ke ganin gaskiya ne. In saki ya yi tsada, wani mugun zai ƙi saki, ya yi ta gallaza wa mace har ta gaji ta fanshi kanta da hul'i. Maganin wannan yana hannun alkali, gama Malikiyya ta ba shi ikon raba aure saboda cuta ba tare da mace ta mayar da ko anini ba.

Saboda haka muna kira ga Majalisa ta mai da mut'a tilas, alkali ya auna ta bisa ƙarfin miji da daɗewar aure, kada a ɗora wa ɗan dako abin attajiri. Ma'aikaci kuwa a cire kuɗin 'ya'yansa daga albashi kafin ya shiga aljihunsa.